Waƙoƙin Baba sun ƙi tashi cikin tabilet

Ɗiyar Adar, Tawa

Salamu alaikum ƴan'uwa, ina kwananku, ina zafi. Ina roƙon masu sanin salula da kwamfuta su duba mini wagga matsala.

Yayana da ke bida Abijan ya aiko ma Babanmu tabilet ta Android. Nufinshi Baba shi samu abin saurare, don idonshi ya yi rauni, karatu na ba shi wahala yanzu. Baba mutum ne mai son waƙoƙin kokowa na da, da kiɗin gurmi, da waƙoƙin noma, sai tafsiri da karatun Alƙur'ani bayan isha'i. Ni ce ƙaramar gida, don haka aikin zuba mishi su ya faɗo kaina.

Wurin da na samo mafi yawansu shi ne tsohuwar kwamfutar kawunmu, Allah shi jiƙanshi. Shi ne ya zauna shekarun baya yana kwashe kaset ɗinshi zuwa cikin kwamfuta, ya jera su dosiye dosiye, kowanne da sunan makaɗi. Waɗannan su ne Baba ya fi ƙwallafa rai a kai, saboda wasu ba a samunsu ko'ina yanzu. Na kwafe su na sa cikin tabilet, amma in na taɓa waƙa sai ta rubuta mini «Format non pris en charge». Na lura sunayensu duka na ƙarewa da .wma.

Akwai kuma faifan CD biyu na karatu da munka tarar cikin akwatin kawu. Wani yaro ya kwafe mini su a sibar, sun fito da suna Track01.cda, Track02.cda, haka har ƙasa, kowanne an rubuta girmanshi 1 Ko. Su ko motsi ba su yi.

Sai waɗanda abokan Baba ke turowa ta WhatsApp a salulata. Na tura su cikin tabilet, ina ganinsu in na shiga wurin fishiye, amma aplikasiyon kiɗin da ta zo da ita ba ta nuna su, kai ka ce babu su. Ita kanta aplikasiyon duk lokacin da na buɗe ta sai ta nemi intanet, mu kuwa ba za mu iya sayen furfe kullum don sauraren abin da ke hannunmu ba.

Abu na ƙarshe, na sayi kati memuwar mai 64 Go a kasuwa don kada cikin tabilet ya cika. Waƙoƙin da na fara zubawa suna tashi lafiya lau. Na baya kuwa wasu sai su fara su yanke, wasu an rubuta 0 octet, akwai dosiye guda da sunanshi ya koma wasu baƙaƙe da ba a karantawa.

Wani ya ce mini tabilet ɗin ce ba ta da kyau, in mayar. Ina zan mayar da abin da ya fito Abijan? Kuma raina bai ba ni ita ce ba, tunda bidiyo na tashi, sauti na fita tas. Baba kullum da hantsi sai ya tambaye ni ko an gyara. Don Allah wanda ya sani shi yi mini bayani a hankali, ni ba gwanar waɗannan abubuwa ba ce amma ina bin umurni in an faɗa mini inda zan taɓa.

Mai Gyaran Salula, Katako, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, tabilet ɗinki lafiyarta ƙalau. Matsala huɗu ce daban daban kinka haɗa wuri guda, kuma irinsu nike gani a teburina kusan kullum.

In fara da .wma. Wannan tsarin Microsoft ne. A zamanin Windows XP da Windows 7, in mutum ya ajiye sauti da kayan aikin da ke zuwa tare da kwamfuta, galibi da WMA shike fita in ba a canza ba, shi ya sa tsofaffin kwamfutoci ke cike da su. Android kuwa abin da ta sani tun daga gida shi ne MP3, AAC (waɗanda ke ƙarewa da .m4a), FLAC, OGG da WAV. WMA ba ya cikin lissafin, sai in kamfanin da ya ƙera na'urar ya ƙara shi da kanshi. Waƙoƙin kawu na nan daram, mai karanta su ne babu.

Maganin shi ne VLC. Ki shiga Play Store ki rubuta VLC, alamarta wata hula ce mai tsini ruwan lemu da fari, irin wadda ake jerawa bisa titi in ana aiki, kuma ki tabbata ƙarƙashin sunan an rubuta Videolabs ko VideoLAN, don akwai masu kwaikwayo da ke cike da talla. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi a Faransa sunka faro ta, tun 2001 take kyauta, ba talla, ba biyan kuɗin wata. Sau ɗaya za ki kashe furfe wajen sauko da ita, bayan nan ba ruwanta da intanet. Tana zuwa da nata masu karatun, tana tada WMA, da .opus na WhatsApp, da .amr na tsofaffin ƙananan saluloli. Abu guda zai iya hana ta: akwai WMA da anka sa ma kariyar kwafi lokacin ajiyewa, waɗannan ba su tashi sai a kwamfutar da anka yi su. Tunda kawu daga kaset ya kwaso, da wuya nashi su zama haka.

Kada wani ya ce miki ki goge .wma ki rubuta .mp3 a sunan. Suna kaɗai ya canza, cikin na nan yadda shike.

Na CD kuwa, yaron sibar bai kwafo miki komai ba. Fishiyen .cda ba sauti ba ne, ɗan rubutu ne na octet 44 da Windows ke nunawa don ta san inda kowace waƙa ta fara da inda ta ƙare bisa faifan. Karatun na can bisa CD. Ki koma da faifan wurin mai kwamfutar da ke da wurin sa CD, shi buɗe Lecteur Windows Media, shi shiga «Paramètres d'extraction», shi zaɓi MP3, sannan shi danna «Extraire le CD». Ki tsaya kanshi ki ga girman abin da ya fito kafin ki biya. MP3 mai 128 kbps (ma'aunin ingancin sauti ke nan) na cin kusan mega guda a minti ɗaya, ke nan karatun minti goma ya kamata shi kai wajen mega goma. In kin ga girman 1 Ko ko 2 Ko, wanda bai ko kusa da mega guda ba, ba a yi aiki ba.

Maganar kati ita ce ba ta yi mini daɗi ba. Daga yau kada ki ƙara zuba komai cikinshi, kuma kada ki goge komai daga kwamfutar kawu. Ki gaya mini nawa kinka saye shi, kuma wajen giga nawa kinka zuba kafin ɓarnar ta fara.

Mushe na Konni

Ɗiyata, Allah shi yi miki albarka da wanga ƙoƙari. Abin da mai gyara ya faɗa daidai ne, zan ƙara kan na WhatsApp da ya bari.

Android na da wata ƙa'ida: duk dosiyen da ke da wani ɓoyayyen fishiye mai suna .nomedia, manhajojin kiɗi da na hoto ba su jera abin da ke ciki. WhatsApp na sa shi a dosiyen saƙonnin murya da na abin da mutum ya aika, don kada gaisuwar dangi ta cakuɗe da waƙoƙi. In kin kwashe dosiyen gaba ɗaya daga salularki, to kin tafi da shi ba ki sani ba. Tsofaffi kuma sau da yawa ba waƙar suke turowa ba, rediyo ko wata salula suke kara ma baki su ɗauka da maɓallin murya, sai ta zo da suna irin PTT da lambobi, ƙarshenta .opus. Ki buɗe dosiyen, ki zaɓi fishiyoyin su kaɗai, ki kwafe su zuwa dosiyen Music na cikin tabilet, ki kashe ta ki kunna. A sababbin Android, kayan WhatsApp na cikin Android, media, com.whatsapp, daga nan ki bi har Media. Ki duba WhatsApp Documents ma, waƙar da anka turo a matsayin takarda can take sauka.

Ki kuma duba izini. Paramètres, Applications, ki zaɓi manhajar, Autorisations. Daga Android 13 akwai layi na musamman «Musique et audio», a na baya «Stockage» ne ko mai kama da shi. In ba a ba ta izini ba, ba ta ganin ko waƙa ɗaya. Wadda ke neman intanet ɗin kuwa ina zaton YouTube Music ce, ita ta maye gurbin Play Music da Google ta rufe a 2020. Tana iya tada abin da ke cikin na'ura, amma an ɓoye wurin cikin Bibliothèque, ba aikin dattijo mai raunin ido ba ne.

Inda na ɗan saɓa da ɗan'uwana mai gyara shi ne tsayawa kan VLC kaɗai. VLC ta warware yau. Amma tabilet na faɗuwa, batir na kumbura da zafin watan huɗu, kuma wata rana Baba zai so a sa mishi katin cikin ƙaramar rediyon nan mai caji da kowa ke yawo da ita, ko cikin mota in za a ƙauye. Mafi yawan waɗannan MP3 sunka fi ganewa. Shawarata a juya waƙoƙin kawu zuwa MP3 sau ɗaya a huta. VLC ta kwamfuta na yin aikin: Média, sannan «Convertir / Enregistrer», a zaɓi Audio MP3. Gaskiya ne sauti na raguwa kaɗan in anka juya daga WMA zuwa MP3, don dukkansu matsattsu ne, amma ga abin da ya fito daga kaset kunne ba zai ji ba in an sa 192 kbps. A ajiye na asalin kada a taɓa su.

Ɗiyar Adar, Tawa

Alhamdu lillahi. Yaya mai gyara, Mushe, Allah shi saka muku da alheri. Na sa VLC, waƙoƙin kawu sun tashi duka, babu wadda ta ƙi. Baba ya sa an kira maƙwabcinmu da sunka yi ƙuruciya tare, sun wuni suna gardamar wane ɗan kokowa ake ma wace waƙa. Na WhatsApp ma da na mayar da su Music sun fito.

Kati kuwa jikka biyu na saye shi, wurin masu tebur, cikin leda mai kwali da sunan babban kamfani. In na lissafa, kamar giga bakwai na zuba kafin su fara lalacewa. Tabilet ɗin ta ce in yi mishi «Formater», in danna?

Mai Gyaran Salula, Katako, Yamai

Kada ki danna tukuna. Da farko ki kwashe duk abin da ke tashi cikin katin zuwa tabilet ko kwamfuta, musamman in akwai wanda ba ki da shi wani wuri.

Abin da kinka faɗa ya tabbatar mini da zatona: katin jabu ne. Ƙaramin kati ne, mai yiwuwa na 8 Go, anka yi ma ƙwaƙwalwarshi dabara don shi riƙa gaya ma na'ura 64 gare shi. Kamar buhu ne da anka rubuta ma tiya arba'in alhali tiya biyar shike ɗauka, gindinshi kuma a ɓarke, kina zubawa yana karɓa, ba ya cewa ya cika. Sunan waƙa na shiga lissafi, ita waƙar ba ta da wurin zama, shi ya sa kike ganin 0 octet. Wani lokaci sabon abu kan hau bisa tsohon ya take shi, daga nan sunayen dosiye ke komawa shirme. Waɗanda sunka lalace ba su dawowa, babu aplikasiyon da ke maido abin da ba a taɓa rubutawa ba, don haka kada ki biya kowa kuɗin ceto su. Formate ma ba ya gyara shi, zai koma fes a ido, ki sake zubawa, ɓarnar ta dawo daidai inda ta faro.

Sau da yawa shi mai teburin ma bai san abin da ya saro ba, shi ma a kwali ya gani. Amma kuɗin na nuna hanya: in ana sayar da 64 da kuɗin da bai kai na 16 a shagon kirki ba, ki bar shi. In kina son tabbaci, akwai ƙaramar manhaja ta Windows mai suna H2testw, kyauta ce. Tana cika katin da bayanai har bakinshi, ta sake karanta su, ta faɗi giga nawa ne na gaskiya. Tana ɗaukar lokaci, amma ni ba na miƙa ma mai saye kati sai ya bi ta nan.

Ni a ganina ba ki ma bukatar 64. Ki yi lissafi da mega guda a minti: giga ɗaya na ɗaukar sama da awa 16 na MP3. Kati mai 16 Go ya fi awa 250. Ki sayi 16 ko 32 na gaske. Akwai ƙarin dalili: katunan da ba su wuce 32 Go ba na zuwa da tsarin FAT32, wanda kusan kowace rediyo da mota da tsohuwar salula ke karantawa. Daga 64 zuwa sama exFAT ne, kuma yawancin ƙananan rediyoyin da Mushe ya ambata ba su gane shi.

In kin sa sabon kati, wasu tabilet kan tambaya ko a yi shi «stockage interne» ko «stockage portable». Ki zaɓi portable. In kin zaɓi interne, tabilet za ta kulle katin da makullinta, ba zai buɗe a wata na'ura ba, ran da ta mutu ya tafi da ita.

Mushe, na yarda da maganar juyawa zuwa MP3. Ni dai na so Baba shi fara jin waƙarshi kafin a shiga dogon aiki.

Tsohon Ɗan Kallon Kokowa, Tawa

Ɗiyata, ni ban san waɗannan haruffa da kuke ta kira ba, jikana ke rubuta mini. Tambaya gare ni: kaset ɗin kawunki suna nan ko an zubar?

Ina tambaya don abin da ke hannunku ba na gidanku kaɗai ba ne. A nan Tawa anka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma tun kafin nan makaɗa na bin ƴan kokowa ƙauye ƙauye bayan kaka. Da yawa cikin waƙoƙin nan ba a taɓa shiga da su ɗakin ɗaukar murya ba. Wani ne mai rediyo kaset ya tsaya bakin fili ya ɗauka, ko ya tare su daga rediyo, aka yi ta kwafa hannu zuwa hannu. Nawa kaset ɗin zafi da ƙura sun cinye su cikin ɗakin kwano, zaren ya manne, in an sa sai ya tsinke. Masu waƙar sun rasu, waɗanda anka yi ma waƙar su ma mafi yawa sun rasu.

Roƙona biyu ne. Kada ku bar su wuri ɗaya: a sa a kile USB, a aika ma yayanki Abijan, a bar wani kwafi gidan wani ɗan'uwa. Na biyu, tunda Babanki na da rai kuma hankalinshi garau, ki zauna da shi da maƙwabcin nan, a sa waƙa, su faɗi wa ya yi ta, wa anka yi ma, a wane gari, ke kuma ki rubuta. Mu ne muka san wannan, kuma ba mu da yawa yanzu.

Ɗiyar Adar, Tawa

Baba, ina wuni, na ji kuma na ɗauka. Kaset ɗin na nan cikin akwatin ƙarfe, kuma da na gwada sunayen da ke jikinsu da na cikin kwamfuta sai na ga akwai waɗanda kawu bai kai ga kwashewa ba. Na mayar da akwatin ɗakin ƙasa inda ya fi sanyi. Rubutun kuma za mu fara ran Juma'a bayan an sauko masallaci, lokacin ne su biyun ke zama. In kana so jikanka shi zo da kile in zuba maka, gidanmu ba ya da wuyar kwatance.

Mushe, yaya ake kwashe waɗanda sunka rage? Kuma yaya zan yi Baba shi riƙa kunna abinshi da kanshi in ba ni gida?

Mushe na Konni

Na kaset, ana bukatar rediyo kaset mai lafiya wadda ba ta cin zare, da waya mai kai biyu irin na abin kunne, mai milimita 3.5. Kai ɗaya a ramin abin kunne na rediyon, ɗayan a ramin shigar sauti na kwamfuta. Tsohuwar kwamfutar tebur ta fi dacewa, don tana da rami na musamman, galibi mai launin shuɗi. Manhajar ɗauka sunanta Audacity, ita ma kyauta ce. A goge kan rediyon da auduga da ɗan alkol kafin a fara, a rage ƙarar zuwa tsaka don kada sautin ya fashe, a gwada da kaset ɗin da ba a damu da shi ba. Babu gaggawa cikin aikin, kaset mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinshi. Wanda ya daɗe a ajiye a fara juya shi gaba da baya har ƙarshe don zaren ya saki. A ajiye kwafi guda a WAV, wanda ke cin wajen mega goma a minti, sannan a fitar da MP3 don saurare. In kuran na yawan ɗaukewa a unguwarku, a riƙa ajiyewa bayan kowane gefe.

Na Baba kuwa, ki rage mishi zaɓi. Dosiye uku sun isa: Karatu, Kokowa, Gurmi da noma. Ki sa lamba gaban sunayen, 01, 02, 03, don su bi jerin da shike so, musamman surori da tafsiri. Ki kawar da duk alamomin da ke fuskar tabilet, ki bar VLC kaɗai, ki ɗora widget ɗinta mai maɓallin kunnawa da na wucewa, ki ja shi shi yi girma. Cikin Paramètres, Affichage, ki ƙara girman rubutu har ƙarshe, ki cire lambar kulle in ba ya fita da ita waje. VLC na da agogon barci da ke kashe sauti bayan mintocin da kinka sa, zai yi amfani ga karatun dare. In sautin tabilet ya yi mishi ƙasa, ƙaramar lasifika ta Bluetooth ta isa, sau ɗaya ake haɗa su, bayan nan da an kunna suke gane juna.

In kun zo kan kaset ɗin da zarenshi ya tsinke, kada ki ɗaure shi kuma kada ki jefar. Ki ɗauki hotonshi ki sa nan in nuna miki yadda ake liƙa shi.